Gonar Inna da Kaset ɗin Kumasi

Kwana tara na yi a Dosso, alhali da niyyar kwana ɗaya na sauka. Laifin Shehu Dogo ne, abokina tun muna ƙanana, wanda ya buɗe shagon ɗinki a bakin kasuwar garin. Yana hango ni da jaka ya watsar da rigar mutane a kan keke, ya taso ya rungume ni yana ihu: "Nomau! Kai na wanga? Yau ga mutanen gida!" Na ji daɗi ƙwarai. Sai da gari ya waye na nemi takalmana na rasa.

"Suna hannuna," in ji Shehu. "Baƙo ba shi sallamar kainai. Ran da nig ga dama ni sallame ka."

Na yi dariya, amma cikina ba dariya yake yi ba, don ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, katafila ta bi gonakinmu na wajen Birnin Tudu ta baje su don a yi noman rani. Itatuwa da gambar da ke nuna iyaka duk suka tafi. Da aka zo mayar wa kowa tasa, sai maƙwabcinmu Labbo ya haɗa gonarmu da tasu, ya ce ai dama aro babansa ya ba babana. Babana ya rasu, dattawan da suka san asalin maganar sun rasu ko sun yi gum. Wannan gona ita ke ciyar da Inna da ƙannena mata biyu, ba mu da wata. Mai gari ya ce in kawo shaida kafin ruwan shuka ya sauka, in ba haka ba Labbo zai shuka, kuma wanda ya riga ya shuka fitar da shi sai Allah. Shaida ɗaya ya rage a duniya, Baba Anaruwa, uban shi Labbon, wanda ya yi shekara goma sha biyu a Kumasi wajen ƙaramin ɗansa Ummaru. Ummaru kuwa abokina ne na ƙut da ƙut. Wato zan je in ci tuwon gidansu, sannan in roƙi uba ya ƙaryata ɗansa.

Ban gaya wa Shehu wannan ba, kunya ta hana ni. Shi kuwa ya mayar da ni abin nuni. Kullum da hantsi sai ya ba ni aron silifas ɗinsa, ya ja ni gida-gida wajen Zamfarawan da ke Dosso, kowa da tambayarsa. Da gaske ne ruwa ya cinye gonakin wajen Maradun? Da gaske ne gulbi ya daina zuwa fadama? Wata tsohuwa 'yar Morai ta riƙe hannuna tana tambayar wata kuka da ke bayan gidansu, ni ko gidan ban sani ba, na ce mata tana nan. A kowane gida sai an kawo fura, in ka ƙi sha ka yi laifi. Na sha fura har na tsani ganin ludayi.

Ran na takwas na ga hadari ya ɗan taso daga gabas, bai yi komai ba ya watse. Nan haƙurina ya ƙare. Na same shi a kan keke na ce, "Shehu, in ba ka ba ni takalmana ba, wallahi da silifas ɗinka za ni Kumasi, ka bi ni can ka amsa!"

Ya dube ni ya ga ba wasa. Ya ce, "Ashe da abin da ka cin ka. Don mi ba ka hwaɗi ba?" Bai tambaye ni mene ne ba, kuma na gode masa da hakan. Washegari ya fito da takalman daga cikin buhun ƙyallaye, an ma yi musu sabon ɗinki, ya raka ni tasha yana share ido.

A Jugu, cikin ƙasar Binin, akasin haka na tarar. A can Ladan yake, wanda muka yi karatun allo tare, wanda kuma wasiƙunsa suka cika garinmu da labarin rumfarsa ta atamfa. Da shi na dogara ya haɗa ni da mota. Na yi yini guda ina zagaya layin masu atamfa, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Wani mai farar riga ya ce ya san shi, ya ce in ajiye jakata a shagonsa mu je. Allah ya taimake ni ban saki jakar ba, amma bargona da na bari a kan bencinsa, da muka dawo babu bargo, shagon ma ashe ba nasa ba ne, shi kansa ya sulale cikin mutane. Na tsaya tsakiyar kasuwa ina zagin kaina. Wata mai kunu da ba ta jin Hausa ta lura da ni, ta jawo mini kujera, ta zuba mini kunu da ƙosai. Da na sa hannu aljihu ta buge mini hannu kamar ɗanta.

Sai da la'asar na ga Ladan, a tasha, da buhun albasa a kansa. Mun haɗa ido, ya kawar da kai ya wuce. Raina ya ɓaci, na bi shi har inda ya sauke buhun na ce, "Ladan, ni kaka gudu? Ko na zama dodo?"

Ya tsuguna a gindin wata mota, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Rumhwa ta ƙone shekara huɗu ke nan. Dako nika yi. Don Allah in ka koma gida kak ka hwaɗi."

Haushin da nake ji ya koma tausayi, na yi masa alkawari. Ɗakinsa ko mutum biyu ba ya ɗauka a miƙe, tabarma ɗaya ce, ya bar mini ita ya shimfiɗa buhu. Amma abin da mai rumfa ba zai iya yi mini ba, ɗan dako ya yi. Ya san kowane direba a tashar nan. Da safe ya kai ni wajen wani Bazabarme mai ɗaukar albasa zuwa Kumasi, ya ce masa ni ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban ya dube mu, ni gajere Ladan zanƙalele, ya yi murmushi ya ce in hau. Sunan da na kira shi da shi a nan ma ba nasa ba ne, don alkawarin da na yi masa yana nan.

Kwana biyar na yi a kan buhunan albasa. Mun ratsa Togo, mun shiga Gana, duk inda aka tsare mu direban ne ke sauka ya yi magana, ni dai an ce in yi shiru, na kuwa yi. Idona ya yi ja, kayana da fatata duk albasa. Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne mafitar Yeji, inda aka ɗora motarmu a kan jirgin fito. Ruwa ne iya ganinka, ga busassun itatuwa tsaye a cikinsa. Direban ya ce da can duk gonaki ne da garuruwa, dam aka yi. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na tuna Inna zaune a ƙofar ɗaki tana gyaran irin gero, ba ta san ko za ta sami inda za ta zuba shi ba. Kuma a nan kudu damina ta riga ta sauka, kullum ruwa, kullum ina tuna wa'adin mai gari.

Ummaru na zaune a zangon Hausawa, aikinsa zaɓen goro da ɗaure shi a ganye. Tarbar da ya yi mini ta fi ta Shehu, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Lokacin Gana na cikin matsi, sabulu da sukari sai an sha wuya ake ganinsu. Da na fito da tsarabata, kuka da daddawa da sandar sabulu biyu, matarsa Hajara ta riƙe sabulun tana shinshina kamar turare. Duk da haka kaza suka yanka mini, kazar da na tabbata ƙwanta suke ci. Ummaru ya tambaye ni, "Lahiya dai?" Na ce, "Lahiya lau, ziyara ta kawai." Da bakina na faɗi wannan ƙarya, ina tauna cinyar kazarsa.

Baba Anaruwa ya makance, ƙafafunsa ma sun ƙi. Kullum bayan karin kumallo sai a shimfiɗa masa buzu a zaure, ya sa in zauna kusa da shi, ya kama gwiwata. Gaisuwa kaɗai sai ta ci rabin sa'a. Sannan ya shiga bin garinmu gida-gida: wa ya mutu, wa ya haihu, wa ke limanci, har yanzu ana cin kasuwar Talata kamar da? In ya zo kan Labbo sai muryarsa ta yi laushi. "Labbona fa? Shina riƙe da gida?" Ni kuma in ce, "Shina lahiya, Baba." Kwana bakwai muna haka. Kullum in ce yau zan faɗa, kullum Hajara ta kawo akushi, in kasa.

Ran na takwas ya ce, "Tsamiyar nan ta tsakaninmu da ku, tana 'ya'ya har yanzu?"

Na ce, "An tuge ta, Baba. Duk itacen da ke wurin an tuge."

Hannunsa na nan kan gwiwata. Can ya ce, "To da mi anka gane iyaka? An maido ma tsohuwakka gonatta?"

A nan na kasa ɓoyewa. Na faɗi komai, tun daga katafila har wa'adin mai gari. Ban san Ummaru na tsaye a bakin ƙofa da kwandon goro ba. Ya dire kwandon har goro ya watse.

"Ziyara ko? Kwana takwas kana cin abincina da wagga magana cikinka! Ka zo ka haɗa tsoho makaho da ɗanai hwaɗa, shi mutu suna gaba? Da ka gaya min ran da kaz zo, Nomau, da na san da wa nika zaune."

Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce, "Da na gaya ma, da ka bar ni na gan shi?" Ya juya ya fice. Baba kuwa ya janye hannunsa daga gwiwata.

Kwana biyu Ummaru bai yi mini magana ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, Hajara ta ajiye ta juya ba ko sannu. Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya kamar wannan ba. Na ɗaure jakata, amma ba halin in fita gidan mutane ba sallama kamar ɓarawo, kuma in na fita ina za ni? Na riga na sallama gonar a raina, abin da ya rage ina tunanin da wane ido zan dubi Inna.

Ran na uku bayan azahar Baba ya sa aka kira mu mu biyu. Ya ce, "Kwana biyu ina neman hanyar da Labbo za shi yi gaskiya, ban samu ba. Kakan wanga yaro shi yas sare dajin nan, ina yaro ina kai mai ruwa. Ba aro ba ta. In na yi shiru, mi za ni ce ma Mamman in mun gamu?" Mamman shi ne babana. Sannan ya ce a kira malami ya rubuta.

Ummaru, yana kallon bango, ya ce, "Takarda ba ta yi. Labbo cewa za shi yi Nomau ya biya an rubuta. Ni na san wana." Ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai ce ga inda za shi ba.

Sai ga shi da rikoda ta aro da wani tsohon kaset na wa'azi. Batir ne babu, ko a kanti babu. Ummaru ya bi zango gida-gida, ya samo ɗaya daga tocilar ladanin masallaci, biyu daga rediyon wani mahauci, ɗaya a wajen mai gadin sito, duk sun sha aiki. Ya jera su a kan kwanon ɗaki suka sha rana yini guda, wai su farfaɗo. Duk wannan hidima da yake yi, har lokacin bai dube ni ba.

Washegari da hantsi aka zauna. Ummaru ya ce, "Baba, batir ba shi da ƙarhi, ka tahi kai tsaye ga magana." Baba ya ce to. Aka danna.

Ya yi sallama. Ya yi salati. Ya gaida mai gari, ya tambayi iyalinsa da dawakinsa. Ya gaida liman. Ya yi ta'aziyyar mutum shida, kowa da sunansa da addu'arsa. Ya gaida Inna, ya gaida ƙannena. Ni ina zaune ina kallon kaset na juyawa, ɗan jan fitilar rikodar sai dusashewa yake yi. Na taɓa ƙafar Baba a hankali, ya ture hannuna. Ai shi a ganinsa ba a shiga zauren mai gari a fara da ƙara, ko da a cikin akwati aka shiga. Da ya zo kan Labbo ya kira shi da sunan da yake kiransa yana yaro, ya tambayi matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda aka haifa bayan tafiyarsa. Na ce a raina shi ke nan, mun yi asarar batir a kan gaisuwa.

Sai da ya gama tsaf sannan ya gyara murya ya faɗi maganar gona, cikin jimla huɗu ko biyar. Yana cewa "wassalamu" fitilar na mutuwa. Ba mu da batir ɗin da za mu saurara mu ji ko ta ɗauka.

Ummaru ne ya naɗe kaset ɗin a ganyen goro da leda don ruwa, ya raka ni tasha. Muna tsaye ya ce, "Har yanzu ina jin haushinka." Na ce na sani. Ya ce, "In ka isa ka gaida Inna. Kuma in za ka sake zuwa, ka zo da sabulu, ka bar ƙarya gida." Muka yi dariya, ta farko cikin kwana biyar.

Komowa ban tsaya wajen kowa ba. Na ratsa Dosso na duƙar da kai cikin mota don kada wani ya gan ni ya kai wa Shehu labari. Tun daga Sakkwato nake leƙen ƙasa, na ga ta jiƙe, hankalina ya tashi. A Talata Mafara na tambayi wani mai shayi, ya ce an yi ruwa shekaranjiya amma bai kai na shuka ba. Na sayi batir sababbi huɗu, na ari rikoda a wajen wani ɗan'uwanmu, amma na kasa kunnawa ni kaɗai. In babu komai a ciki, gara in ji tare da kowa.

Zauren mai gari ya cika. Labbo na gefe ya harɗe, ko kallona bai yi ba. Na danna. Aka ji shuuu, aka ji tari, sai ga muryar Baba Anaruwa tana sallama. Dukan zauren ya amsa masa, har mai gari. Da ya yi ta'aziyya aka shafa, da ya tambayi dawaki mai gari ya ce, "Lahiya lau, Anaruwa," kamar yana gabansa. Gaisuwar nan da na so in katse, ita ta hana kowa ya ce ba shi ba ne. Da ya kira Labbo da sunan yarinta, na ga Labbo ya sauke ƙafarsa.

Daga nan murya ta fara canzawa, don batir ɗin Kumasi ya yi sanyi lokacin ɗauka, maganar ta riƙa fita da sauri, siririya. Amma ta fito, kowa ya ji: "Gonag gabas ta Mamman ta, gado na, ba aro ba. Labbo, ka ba su abinsu. Kak ka sa in tashi da ƙasar marayu bisa wuyana."

Mai gari ya ce, "Labbo, ka ji. Kana da magana?"

Labbo ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ni ya duba, ya ce, "Shina cin abinci sosai?" Na ce yana ci. Ya ce, "Idon fa?" Na ce idon ya tafi. Ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin hular ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba su gonassu. Nomau, maido min shi baya, wurin gaisuwa."

Na mayar masa, sau uku, sannan na zare kaset ɗin na sa masa a hannu.

Na tarar da Inna a tsakar gida, labari ya riga ni isa. Ba ta yi guɗa ba, ta dai zauna a kan turmi ta yi ta kuka, ni ma na zauna a ƙasa na taya ta. Kwana huɗu bayan nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da sassafe muka fita, ni da ita da ƙannena. Na tsaya a bakin gonar ina kallo, ba tsamiya, ba gamba, fili fetal, amma tamu ce. Inna ta zungure ni da ƙwaryar iri ta ce, "Tsayuwa kaz zo yi? Ɗauki sungumi ka yi gaba, ƙasa na shan iska."